Ɗan Kama a Gaban Kyamara: Ibro da Asirin Waƙar Fim

A watan Oktoba na 2008, kotun tafi-da-gidanka mai sauraron ƙararrakin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tura Rabilu Musa Ɗanlasan gidan yari na wata biyu. Ibro ke nan, kamar yadda yara da manya suka san shi. Abu biyu aka tuhume shi da su: tafiyar da kamfanin fim ba tare da rajista ba, da kuma wata rawa da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a cikin fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin wasan kwaikwayo ya ɗauke shi, sai ga shi ya koma gidan kaso ta ɗaya ƙofar.

Labarin ya zaga ƙasar Hausa, ya isa har garuruwan da ke nesa da Kano irin su Yelwa da Warra da Shanga, inda kaset ɗin Ibro ya riga rediyo sanar da sunansa. Jama'a suka rabu biyu. Wasu suka ce maganin 'yan fim ke nan, wasu suka ce siyasa ce. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi aikin da rawar Ibro take yi a cikin fim tun asali. Wanda ya bi wannan tambaya zai iske cewa finafinai irin su Ibro Awilo da Ibro Ɗan Indiya da Ibro Aloko, waɗanda ake jefawa cikin kwandon “camama” ba tare da an waiwaye su ba, suna cikin sharhi mafi kaifi da aka taɓa yi wa sana'ar waƙar bidiyo da harshen Hausa. Kuma daga cikin gidan aka yi sharhin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yadda waƙa ta hau kan labari

Kafin a gane abin da Ibro yake yi wa dariya, sai an san yadda abin ya ginu. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Masu kallonsa kuwa sun riga sun ƙoshi da finafinan Indiya, waɗanda aka shekara da shekaru ana nunawa a silimomin Kano irin su Rex da Palace da El Dorado da Marhaba, daga baya kuma a talbijin. Idon da ya saba da saurayi da budurwa suna zagaya bishiya suna rera wa juna baiti, da wuya ya yarda da soyayyar da ba ta da waƙa.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki, sai fiyanon Yamaha ya kawo shi. Mutum ɗaya a ƙaramin situdiyo zai iya fitar da amon da ya yi kama da kalangu da sarewa da algaita, ba tare da ya tara makaɗa ba. A daidai shigowar shekarar 2000, Sangaya na kamfanin Sarauniya da Wasila da makamantansu suka tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce take sayar da fim. Daga nan lissafi ya juya. Ana fitar da kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ya fito. Tallar da ake maƙalawa a farkon wani fim kusan duk waƙa ce. Dillalin kaset a Ƙofar Wambai yakan auna fim da daɗin waƙoƙinsa kafin ya auna shi da labarinsa. Furodusa yana iya mallakar waƙa tukuna, sannan ya nemi labarin da zai ɗauke ta.

Sana'ar tana da sirrinta, wanda kowa ya sani amma ba a faɗa. Muryar da ake ji ba ta jarumin da ake gani ba ce: mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar ne suke rerawa a situdiyo, jarumi da jaruma su motsa baki a gaban kyamara. Kayan da ake canzawa sau biyar a waƙa guda sau da yawa na aro ne, haka motar, haka gidan. Lambun da ake rawa a ciki na otal ne ko na gwamnati, a Tiga ko a kan duwatsun Jos. Masoyan da labari ya nuna ba su da kuɗin mota, da zarar kiɗa ya tashi sai a gan su cikin shadda da leshi a bakin ruwa. Waɗannan finafinai su ake kira “santimental”, kuma su ne masu daraja. Camama ita ce ƙanwar da ake jin kunyar nunawa baƙo: kuɗi kaɗan, kwanaki kaɗan, ƙauye, ihu da guje-guje.

Gadon 'yan kama

Ibro bai faɗo daga sama ba. Tun kafin kyamara, ƙasar Hausa tana da 'yan kama, waɗanda sana'arsu ita ce ɗaukar abin da jama'a suke girmamawa su juya shi. Ɗan kama yakan ɗauki karin waƙar fitaccen makaɗi ko salon wa'azin malami, ya bar muryar da tsarin yadda suke, ya cika cikin da zancen tuwo da fura da nama. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman salo da ƙanƙantar abin da ake faɗa. Akwai kuma tashen watan azumi, inda yara suke kwaikwayon tsoho da mai ciki da malami, akwai wawan sarki da yake faɗar abin da bafade ba ya iya faɗa. A zamanin rediyo da talbijin, Samanja Mazan Fama da Karkuzu sun ɗauki wani ɓangare na wannan gado.

Abin da Ibro ya ƙara shi ne ya gane cewa a zamaninsa abin girmamawar ya sauya. Matasa ba su haddace waƙar fada kamar yadda suke haddace waƙar fim. Saboda haka ya yi wa waƙar fim abin da ɗan kama yake yi wa waƙar fada. Ya bar fiyanon, ya bar amshin, ya bar canjin kaya da jeren 'yan rawa, sai ya cire kyakkyawan saurayin daga tsakiya ya sa kansa: siririn mutum mai muryar da ba a yi ta don soyayya ba, cikin kayan da ba su zauna masa ba. Hatta sirrin aron murya bai tsira ba, domin shi ma yana da masu rera masa, kuma Sadi Sidi Sharifai ya yi suna wajen rera waƙoƙin da ake ɗora wa bakin Ibro. Mawaƙi yana kwaikwayon muryar ɗan wasa, ɗan wasan yana motsa baki a kan kwaikwayon kansa, su biyun kuma suna kwaikwayon jaruman da suke motsa baki da gaske. Wanda ya kalli wannan sau ɗaya ya yi dariya, da wuya ya sake kallon waƙar santimental da idon da.

Awilo da Ɗan Indiya

Awilo Longomba mawaƙi ne ɗan Kwango, tsohon mai kiɗan ganga, wanda faifansa Coupé Bibamba na 1998 ya mamaye Najeriya. Ya cika filayen wasa a ƙasar, kuma bidiyonsa, mai cike da 'yan rawa da karkaɗa ƙugu, ya shiga shagunan aski da gidajen kallo har a Arewa. 'Yan Najeriya suka riƙa kiran kiɗan “makosa”, alhali makosa ta Kamaru ce. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da jihohin Arewa suke ƙaddamar da shari'a, har Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A fili ana Allah wadai da rawar Awilo, a ɗaki ana kallonta.

Cikin wannan yanayi Ibro ya ari sunan Awilo da shigarsa da rawarsa ya yi fim. Ana iya karanta Ibro Awilo ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Ta fuskar kasuwa, dabara ce ta sayar wa Bahaushe abin da yake so ya kalla amma yake jin nauyin saye. Ta fuskar fasaha, tona asiri ne: da zarar an ɗora wannan rawa a jikin baƙauyen da Ibro yake fitowa a matsayinsa, sai ƙyalƙyalin ya zube, a ga cewa tauraro ba kome ba ne illa tufafi da tabarau da 'yan amshi da kyamarar da ta san inda za ta tsaya. Kowa zai iya zama Awilo in ya sami kayan. Dariyar ba ta tsaya kan mutumin Kwango ba, ta dawo kan matashin Kano ko na Yawuri da yake ɗaure wando yana gwada takun a gaban madubi.

Ibro Ɗan Indiya ya matso gida fiye da haka. Manyan jaruman santimental suna ɗaukar labari da kari da salon rawa daga finafinan Indiya, suna sa musu sunan Hausa, ana yi kamar ba a gani ba. Ibro ya rubuta “Indiya” a goshin fim ɗinsa. Abin da wasu suke ɗauka a ɓoye, shi ya ɗauka a fili ya kuma wuce gona da iri da gangan, har mai kallo ya ga inda aka yi ɗinkin. Haka ya yi wa labaran duniya a Ibro Usama na 2002 da Ibro Saddam na 2003, waɗanda masanin Jamus Matthias Krings ya yi nazari a kansu. Hanyar ɗaya ce: a ɗauko hoton da talbijin ya kumbura, a sa wa Ibro, a ga abin da zai rage.

Wani fim a Amurka da ya yi irin wannan aiki

Akwai fim ɗin da ya yi wa masana'antar waƙar bidiyo ta Amurka irin wannan tsiya, kuma shi ma bai sami darajar da ta kamace shi ba a lokacinsa. Sunansa Tapeheads, ya fito a 1988, shekara bakwai bayan tashar MTV ta soma watsa bidiyon waƙoƙi dare da rana a ranar 1 ga Agusta, 1981. Daraktansa, Bill Fishman, mai shirya bidiyon mawaƙa ne. Wanda ya tsaya wa fim ɗin, Michael Nesmith na ƙungiyar Monkees, yana cikin waɗanda suka share wa MTV hanya da shirinsa PopClips. Su ma 'yan gida ne.

John Cusack da Tim Robbins sun fito a matsayin abokai biyu masu gadi da aka kora daga aiki, suka buɗe kamfanin ɗaukar bidiyo mai suna Video Aces. Aikin da suke samu shi ne ɗaukar jana'iza da wasiyya da tallar gidan cin kaza. Wani mai kamfanin faifai, wanda Don Cornelius na shirin Soul Train ya fito a matsayinsa, yana ba su aiki bayan aiki a kan alƙawarin biya in abu ya yi kyau, ba ya kuma biya. Nasararsu ta zo ne bisa kuskure: hoton wata jana'iza ya hau kan waƙar wasu mawaƙa, mawaƙan kuma suka mutu sa'ad da ɓaraguzan tauraron ɗan'adam suka faɗo musu, sai masana suka ɗauki kuskuren a matsayin zurfin fasaha. A tsakiyar wannan rikici wani kaset mai ɗauke da abin kunyar wani ɗan takarar shugaban ƙasa ya faɗo hannunsu, aka shiga farautarsu. Burinsu na gaskiya kuwa shi ne su dawo da martabar wasu tsofaffin mawaƙa biyu da zamani ya manta, waɗanda Sam Moore da Junior Walker, mawaƙa na haƙiƙa, suka fito a matsayinsu.

Tapeheads bai yi kasuwa a silima ba. A kaset ya rayu, hannu zuwa hannu, har ya tara masoyan da suka haddace shi. Duk wanda ya san situdiyon Kano zai gane mutanen cikinsa: yaron da yake ɗaukar biki yana mafarkin zama darakta, mai kuɗin da yake biya da alƙawari, tsohon makaɗin da fiyano ya kora daga fage. Har kaset ɗin abin kunya yana da takwara, domin wani bidiyon sirri na wata 'yar fim da ya bazu ta wayoyi a 2007 shi ya jawo guguwar da ta kai ga ɗaure Ibro. Bambancin yana wurin sakamako. Waɗanda suka yi Tapeheads asarar kuɗi suka yi. A cikin fim ɗin ma sun sa mawaƙi Jello Biafra, wanda aka gurfanar a 1987 bisa zargin yaɗa hoton batsa ba a kuma same shi da laifi ba, ya fito a matsayin jami'in tsaro, don tsokana. A Kano tsokanar gidan yari take kaiwa.

Kallo daga bakin tafki

Ana yawan ba da tarihin finafinan Hausa daga Kano, inda ake yin su. Ya kamata a ba da shi kuma daga inda ake kallonsu, kuma gaɓar tafkin Kainji wuri ne mai kyau na tsayawa. An gina madatsar tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da Yelwa da garuruwan Shanga suna zaune a gefen ruwan da yake ba Najeriya lantarki, amma ƙauyuka da dama na wannan gaɓa da janareta suka san talbijin. Gidan kallo na zana ko na langa-langa, benci, ɗan kuɗin shiga, ƙarar injin tana gasa da ƙarar fiyano: ta wannan ƙofa Kano ta shigo.

Jama'ar wurin gauraye ce. Akwai Gungawa da Kambari da Lopawa, akwai Sarkawa masunta, akwai Fulani da Hausawa 'yan kasuwa. Ga da yawansu Hausa harshen kasuwa ce da makaranta, ba na uwa ba. Fim ɗin santimental yana nuna musu duniyar da ba ta yi kama da tasu ba ko kaɗan: falo mai kujerun alfarma, Kananci mai santsi, ruwa a matsayin wurin shaƙatawar masoya. Ga wanda ya kwana yana jan taru, ko ya san abin da iska take yi wa jirgin kasuwa mai lodi fiye da kima, ganin jaruma tana wasa da gyale a bakin dam abin sha'awa ne, kuma abin dariya ne tun kafin wani ya faɗa.

Ibro ne ya faɗa. Wannan shi ne dalilin da ya sa camama ta fi ƙarfi a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, kuma a nan ne masu raina ta suka yi kuskuren lissafi. Sun ɗauka mutanen karkara suna son Ibro ne domin ba su iya bin labari mai zurfi ba. Amma kwaikwayon ba'a ba ya aiki sai mai kallo ya san asalin abin da ake kwaikwaya. Wanda bai haddace salon waƙar santimental ba, bai san inda jarumi yake dafa ƙirji ko inda jaruma take juya baya ba, ba zai ga abin dariya a lokacin da Ibro ya karkace su ba. Dariyar da ta tashi a gidan kallo a Warra shaida ce cewa masu kallon sun karanci sana'ar sarai. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Doka ba ta jin ba'a

Bayan abin da ya faru a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka tsaurara dokoki a kan rawa da waƙa. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya. Ibro ya faɗo tsakanin su biyun. An yi ta raɗe-raɗin cewa ainihin laifinsa waƙar “Mamar” ce, wadda 'yan gari suka mayar abin tsokanar gwamna saboda irin yadin da yake yawan sawa. Ba wannan aka rubuta a takardar tuhuma ba. Rawa aka rubuta.

A nan matsalar take. Dokar tace fim tana auna abin da ido ya gani: wane ne ya yi rawa, da wa, cikin wace shiga. Ba ta da ma'aunin bambance rawa da kwaikwayon rawa, domin a hoto jiki ɗaya ne yake motsi. Al'adar Hausa kuwa tana da wannan ma'auni tun da daɗewa. Ba a taɓa ɗaukar ɗan kama a matsayin mai wa'azin ƙarya ba, ba a kuma kama yaran tashe da laifin shigar mata. An san da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Da aka mayar da hukunci hannun takarda da kotun tafi-da-gidanka, wannan sani ya faɗi a hanya.

Bai kuma tashi ba har yanzu. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda ba'ar da suka yi wa gwamna. Na'ura ta sauya daga kaset zuwa waya, amma bidiyon waƙa da na barkwanci suna nan a matsayin filin da ake gwada ƙarfi tsakanin matasa da masu iko.

Inda dariyar take cizo

Adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya gefen. Camama ba ta tsaya kan taurari ba. Babban jarinta shi ne baƙauye: wanda bai san gari ba, wanda ake cuta a tasha, wanda Hausarsa ta karkace. Akwai 'yan wasan da duk sana'arsu kwaikwayon bakin wata ƙabila ce, Bagware ko Bafillatani. A Kano wannan yana iya wucewa a matsayin wasan taubasai. A bencin gidan kallo na Ngaski, inda wanda yake zaune kusa da kai Bakambare ne mai irin wannan karin harshe, dariyar tana da wani ɗanɗano. Wani lokaci mai kallo yana dariya ne tare da Ibro a kan 'yan birni, wani lokaci kuma 'yan birni ne suke dariya a kansa ta bakin Ibro, kuma fim ɗaya yana iya yin duka biyun cikin minti goma.

Haka nan ba kowane fim mai sunan Ibro ne yake da abin faɗa ba. An yi su da yawa, an yi su da gaggawa, wasu maimaici ne kawai. Ibro ya ci abinci daga kasuwar da yake yi wa dariya, waƙoƙinsa sun sayar da kaset kamar na kowa. Sai dai wannan bai rage masa kome ba a matsayin mai sharhi. Ɗan kama ma a bikin da makaɗi ya ci yake ci. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya sa jama'a su ga abin da suke kallo, kuma Ibro ya yi hakan fiye da yawancin masu rubutu a jarida.

Abin da yake nutsewa

Rabilu Musa ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014. A lokacin kasuwar faifai ta soma durƙushewa. Fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta cika shaguna, tashar Arewa24 ta buɗe a shekarar, masu tura fim a waya suka maye gurbin masu hayar kaset, daga baya YouTube ya ja kowa. Waƙar ma ta rabu da fim ta tsaya da ƙafarta. Mawaƙan da a da ake ɓoye fuskarsu a bayan jarumai yanzu su ne a gaban kyamara, kuma a 2020 waƙar “Jaruma” ta Hamisu Breaker ta nuna cewa waƙa tana iya zaga duniya ta hannun masu rawa a ɗakunansu, ba da fim ba. Masana'antar da Ibro ya yi wa ba'a ta zama tarihi, kuma finafinansa suna cikin 'yan shaidun da suka nuna yadda mutanen lokacin suke ganinta.

Shaidun kuwa suna lalacewa. Kaset yana cin danshi, faifai yana karcewa, kamfanonin da suka yi finafinan da yawa sun watse. Abin da ya tsira a intanet galibi guntaye ne: waƙa ba fim, ko fim ba farko, hoto dushi-dushi, ba sunan darakta, ba shekara. Tapeheads ya tsira domin yana da mai shi da ya adana asalinsa ya sake fitar da shi a faifan DVD. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajin Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. In fim mai wannan daraja ya yi shekaru a ɓace, camamar da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci ba ta da mai nemanta.

Mutanen gaɓar Kainji sun san yadda abu yake ɓacewa ba tare da an yi niyyar hallaka shi ba: ruwa ne yake hawa a hankali, wanda ya tuna inda kasuwa take ya tsufa. Mai yiwuwa cikakken kwafin Ibro Awilo mafi kyau da ya rage ba ya Kano, inda aka yi saurin sauya na'ura aka zubar da tsohuwa. Yana iya kasancewa cikin kwali a bayan shagon wani tsohon mai gidan kallo a Yelwa ko Warra, ko a kwamfutar wani mai tura finafinai da bai share ba tukuna. Aikin ba mai tsada ba ne. Sassan Hausa da na aikin jarida a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero suna da ɗaliban da suke neman abin bincike kowace shekara. Ɗalibi ɗaya daga Ngaski ko Shanga zai iya zaga garinsu a hutu, ya tattara kaset da faifai, ya kwafe su, ya rubuta sunan fim da kamfani da 'yan wasa daga jikin kwali, ya zauna da masu gidajen kallo ya ji wane fim ne yake cika benci, a wane wuri ake fashewa da dariya. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce babu wani ma'aji a duniya da zai amsa ta in waɗanda suka zauna a bencin suka ƙare.